Kwalaben Bariatu

Lanham, Maryland
Lahadi, bayan la'asar

Zuwa ga ƙanwata Sa'adiya, a Aboabo, Kumasi.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina gaida yara da jikoki, da duk wanda ya rage a layin bayan masallaci cikin waɗanda suka san ni da baƙin gemu.

Kada ki yi mamakin ganin hoton takarda a wayarki maimakon murya. Bangon gidan ɗana Basit kamar kwali yake, in na yi tari a ɗaka sai matata, yayarki Bariatu, ta ce sannu daga falo. Abin da zan faɗa kuwa ba na kunnenta ba ne. Kin san ban taɓa zama kan bencin boko ba, amma ajamin da aka dasa mana da bulala yana nan. In kin ga baƙi ya karkace, hannu ne ya tsufa, ba hankali ba.

Ga halin da ake ciki. Ciwon dajin nan da ke tumbin Bariatu, sun gama ƙara mata ruwan maganin da suke kira kimo. Saura aiki, su yanke wurin. To likita ya ce ba zai sa mata wuƙa ba sai ta yi nauyi, wai jikin da ya rame haka, in an yanka ba ya haɗewa. A nan ban yi masa gardama ba. Ni da na tsufa a kan fawa a Kumasi, ba wanda zai koya mini abin da rama ke yi wa nama.

Abin da ban yarda da shi ba shi ne hanyar da suka bi. Maimakon a ce a ba ta tuwon zafi da miyar ayoyo, ko romon ƙashi, sai suka aiko katan-katan na wasu 'yan kwalaben roba, da wani farin ruwa mai kauri a ciki, wai abinci ne. Suka kuma haɗa mu da wata nas mai zuwa gida, Olive sunanta, 'yar Jos ce, Kirista, Hausa a bakinta kamar ruwa. Tana shigowa da jaka da sikeli, ta durƙusa har ƙasa: "Baba, ina kwana? Mama, ya ƙarfin jiki?" Ladabin ya yi yawa, Sa'adiya. Na zauna a kasuwa, na san mai yawan durƙuso akwai abin da yake nema a ƙasa.

Na sa Basit ya karanta mini rubutun jikin kwalbar, ya rantse babu alade. Na kai wa liman ɗaya, shi ma ya ce halal ce. To na ji. Amma amsa mini wannan. Kullum kwalaben suna ƙarewa, ina ganin fankonsu a kwandon shara, yayarki kuwa kullum raguwa take. Ni nake ɗaga ta daga gado zuwa kujera, hannuna kuma bai taɓa yi mini ƙarya a kan nauyi ba. Abincin da ake ci ana ramewa, wane irin abinci ne? Ko dai ana sauya na gaske da na ruwa kafin ya iso mu?

Basit ba ya gani. Kafin gari ya waye ya kama hanyar Sterling wurin aiki, matarsa Fareeda ita ma gidan tsofaffin da take aiki ya cinye ta. In na yi magana sai ya ce, "Baba, ka bar ƙwararru su yi aikinsu." Auta ke nan, an haife shi jiya.

Don haka ki je wurin 'ya'yan marigayi mai magani na bakin gada, ki karɓo mini sassaƙen nan na buɗe ciki, ki ba duk mai tahowa. Ni ma akwai wani abu da na sa a gaba tsakanina da Ubangijina, ba na faɗa ba ne.

Allah Ya sada mu da alheri.
Yayanki, Alhaji Karimu

*

Aboabo, Kumasi
Talata

Zuwa ga Yaya Alhaji, sarkin fawan da ya bar mu da ƙashi ya tafi ƙasar Turawa.

Wa alaikumus salam. Kowa lafiya, yara suna gaida kakansu. Takardarka ta iso, sai da na ari tabarau biyu kafin na gane inda ka dosa.

Da farko, ka daina kwatanta mini 'yar'uwa da nama. Matarka ce, ba saniyar da aka koro daga Bolga ba.

Na biyu, ba zan aiko da sassaƙe ba. Tumbin da ake shirin yankawa ba a zuba masa abin da likita bai sani ba. In ka ji haushi ka ji, ba yau muka fara ba.

Ita wannan Olive, laifinta durƙuso? Da ta shigo tana taku ba gaisuwa, da ka rubuto mini shafi uku a kan 'ya'yan zamani. Ban ce ka yarda da ita ba, ban san ta ba. Amma mai neman ɓarawo, ɗakinsa yake fara dubawa.

Jiya na kira Yaya Bariatu ta bidiyo. Wallahi sai da na kashe na yi kuka, wuyanta kamar na zabuwa. Na ce mata, "Kina cin abinci kuwa?" Ta ce, "Na ci." Na ce, "Me kika ci?" Sai ta hau tambayata labarin bikin 'yar maƙwabta. Kai ka san tarihin kowa a Zango, ni kuma na san muryar yayata. Wannan "na ci" ɗin ban ji daɗinsa ba.

Ka faɗa mini yadda wuninku yake, daga asuba har dare. Wa ke buɗe mata kwalbar? A ina take sha? Tana iya tashi ta yi wani abu, ko kwanciya ce kawai? Kai kuma me kake ci, wa ke dafa maka?

Ka gaida Basit da Fareeda. Allah Ya ba ta lafiya, kai kuma Ya sassauta maka taurin kai, ko da rabi ne.

Ƙanwarka, Sa'adiya

*

Lanham
Asabar

Zuwa ga Sa'adiya. Salamu alaikum, da fatan kuna lafiya.

Na ga saƙonki, na ga rashin kunyarki, na ajiye su wuri ɗaya. Tun kina goyon yayarki bakinki ya fi ƙafarki sauri.

An sake aunawa, ta sake raguwa. Likita ya ce in aka ci gaba haka za su zura mata tiyo ta hanci har ciki, su riƙa ɗura abincin, aikin kuma a ɗaga shi. Ya ce ɗagawar ba alheri ba ce, ciwon ba ya jiran kowa. Da Bariatu ta ji zancen tiyo sai ta kama hannun rigata a gaban mutane, abin da ba ta taɓa yi ba. Na ce musu muddin ina numfashi ba mai sa mata igiya a hanci.

Ban zauna ba, na yi bincike. Da sabon katan ya zo, na ɗauki ƙaramar wuƙata na yi wa kowace kwalba tsaga a gindi, irin shaidar da nake yi wa fata. Na ce in ana sauyawa zan gani. Sannan na bi shagunan kayan Afirka na nan Lanham ina juya kwalabe, ko zan ga shaidata a kan kanta. Wani mai shago har ya tambaye ni ko lafiya. Ban samu ba. Duk masu shaidar a kwandon shararmu suka ƙare, fanko.

Sai na ce to sikelin ne. Wa ya sani ko an murɗa shi don a kai mu ga tiyo? Da Olive ta zo shekaranjiya na ajiye buhun shinkafa daga shagon naman Abdul-Samad, ɗan unguwar Nima ɗin nan da nake zuwa taya shi yanka. Na ce ta ɗora. Ta yi dariya ta ɗora. Ya faɗi daidai. Wannan ma bai kwantar mini da hankali ba, domin gwanin maguɗi sikelinsa gaskiya yake faɗa, a wani wurin yake cin ka.

Tana naɗe kayanta sai ta ce, "Baba, ka taɓa ganin Mama ta shanye kwalba ɗaya da idonka?"

Na ce, "Ke a garinku maza tsayawa suke su kalli bakin matansu in suna ci?"

Ta ce, "A gidanmu tare muke ci, Baba."

Na ce, "Shi ya sa."

Ta ce in ta ba ta a gabanta, kurɓa biyu take yi ta ce zuciyarta na tashi, sai an jima. Na ce to ba ga shi an jima tana shanyewa ba? Sai ta tsaya tana kallona, daga wuya har ciki, kallon da nake wa rago kafin in taya. Ban so kallon nan ba.

Kin tambayi wuninmu. Bariatu ke buɗe abinta, a kicin take sha kamar yadda ta saba cin abincinta tun muna Aboabo. Ni ba na shiga. Da rana nakan fita wurin Abdul-Samad in dawo. Abu ɗaya ne ta hana kowa: damun kokona. Ko Fareeda ta ce za ta yi sai ta ƙi. Takan ja kujera gaban murhu ta zauna ta dama, da citta da kanumfari da masoro, ta cika mini babban fulas kafin magariba. Ciwo bai taɓa hannunta ba, kokon har ya fi na da. Geron ƙasar nan akwai wani gardi da ƙamshi kamar alewar madara, ga kauri. Ni kam lafiyata lau, wandon da na zo da shi ma ya fara kama ni.

Ki yi mana addu'a, sassaƙen kuma ban janye ba.

Alhaji Karimu

*

Greenbelt, Maryland
Litinin

Zuwa ga Baba Alhaji Karimu, cikin girmamawa.

Baba, ina gaishe ka da jiki, ina gaida Mama. Na rubuto ne domin duk sa'ad da na soma wannan magana sai ka tashi ka shiga ɗaki. Na roƙi Basit ya karanta maka ita gaba ɗaya, kada ya tsallake kome.

Ciwon da Mama ke fama da shi yana cin jiki ko mutum yana kwance, maganin da aka ba ta kuma ya kashe mata sha'awar abinci. Tumbinta ba ya ɗaukar abu da yawa a zama ɗaya. Abin da ya sa aka ce ta riƙa sha kaɗan-kaɗan tun safe har dare ke nan. Abin da ke cikin kwalbar ba magani ba ne, madara ce da waken soya da mai da sinadaran gina jiki, an matse su wuri ɗaya. Ban hana romo ko tuwo mai laushi ba, in za ta ci, murna zan yi. Amma wanda ke shan abin da aka rubuta wa Mama ba ya raguwa haka. Na daɗe a wannan aiki, ban taɓa gani ba.

Na ga tsagar da ka yi wa kwalabe. Ban ji haushi ba, mai son nasa ne ke bincike. Ni ma na yi nawa. Kwalabe suna ƙarewa, ba a cikin Mama suke ƙarewa ba. Na duba bandaki da wurin wanke-wanke, ban ga alamar ana zubarwa ba. Da rana ku biyu ne a gidan. Ka gafarce ni Baba, kai sa'an mahaifina ne, amma tun da na fara zuwa Mama ke ramewa, kai kuwa fuskarka da wuyanka suna cikowa.

Ban ce da gangan ba ne. Na taɓa ganin gidan da maigida ya ɗauka abin ba shi da amfani ga mara lafiya, ya ga kada a yi asara. In haka ne, a faɗa mini, mu gyara tsakaninmu.

Dokar aikina ta ce in ina zaton abincin mara lafiya ba ya isa gare shi, dole in sanar da asibiti. In na sanar, za su kwantar da ita, za a sa tiyon da take tsoro, kuma za su aiko a yi maka tambayoyi. Ban rubuta kome ba tukuna. Zan zo Alhamis ta sama da sikeli. Daga ranar ba ni da ikon yin shiru.

Allah Ya ba Mama sauƙi.
'Yarka, Olive Chuwang

*

Lanham
Talata

Sa'adiya, salamu alaikum.

Ga hoton takardar da yarinyar nan ta aiko, ki ba jikanki mai boko ya karanta miki. Ni ɗana na cikina ya karanta mini, yana karantawa yana kallon ƙasa, da ya gama bai ce ƙarya take ba. Cewa ya yi, "Baba, in ɗanɗanawa kake yi, ba laifi ba ne, ka dai faɗa."

Ni! Ni Karimu ake cewa ina shanye abincin matata! Kin ga dabarar? Ta ga na kusa gano ta, sai ta riga ni ihun ɓarawo.

Ina ma waɗanda suka ga shekarar tamanin da uku suna raye. Shekarar da wuta ta cinye gonaki, aka koro mutanenmu daga Legas, mutum ya wayi gari ƙashin wuyansa kamar sarƙa. Ina iya lissafa miki gida-gida wanda aka binne a layinmu, da wanda ya wanke shi. A shekarar nan ni nake tafiya mahauta a ƙasa, in dawo da ƙafar sa da tumbi a ƙunshe cikin riga don kada a gani. Ba wanda ya kwana da yunwa a gidana. Bariatu shaida ce, kullum na tambaye ta sai ta ce ta ci a madafi. Yau ni ake auna wa wuya da ido.

To tun da abin ya kai haka, zan fasa abin da na rufe, ke kaɗai. Ranar da likita ya yi zancen nauyi, na yi wa Allah bakance: zan yi ta azumi ba fashi har ranar da za a yi mata aiki. Tun ranar ban kai kome bakina da rana ba. Da safe nakan ce mata ba na jin yunwa, da rana in ce na ci a wurin Abdul-Samad. Da magariba in sha kokona, abin da ya rage a fulas in yi sahur da shi kafin ta farka. Ba ta sani ba, Basit bai sani ba. Ibada ce, ba talla ba.

Yanzu ki faɗa mini, mai azumi ne zai sha kwalbarsu? Ban taɓa ko ɗanɗana ta ba, ƙyamarta nake. Ƙibar da take gani kuwa, in mutum yana azumi yana cikowa, ai alama ce an karɓa. Amma wa zai gaya wa wadda ba ta san azumi ba?

Gobe zan sa Basit ya kira asibitin a sauya mana ita. In ya ƙi, na san motar da ke zuwa can.

Karimu

*

Aboabo
Talata, da na gama karanta taka

Yaya Alhaji, wa alaikumus salam. Kada ka kira kowa, kada ka hau motar kowa. Zauna ka karanta wannan sau biyu.

Kai ne mai riƙe tarihin Zango, ba mai ja da kai. Amma abin da aka gani ake riƙewa, kai kuwa akwai ɗakin da ba ka taɓa shiga ba.

A tamanin da uku ina gidanku, ni nake wanke tukunya. "Na ci a madafi" ɗin nan na san shi: ƙanzo ne take jiƙawa da ruwa, ran da babu ƙanzo ruwan ne kawai. Ta sa na rantse ba zan faɗa ba, yau na karya, Allah Ya yafe mini. Haka Innarmu ta tarbiyyantar da mu, mace ba ta kai loma baki sai maigida ya ci, abin da ya rage a kwanonsa shi ne albarkarta. Ni na yar da wannan tun mijina yana da rai. Yaya Bariatu ba ta yar ba. Ka tuna ko sau ɗaya da ta ci kafin a ɗauke kwanonka?

Wai ba ta san kana azumi ba! Matar da ta yi shekara hamsin tana wanke kwanonka ba za ta san ranar da bai ɓaci ba? Kai kana azumi, ita tana jiran ka. An ce ta sha tun safe, ita kuwa safiyarta ba ta farawa sai ka buɗe baki.

Saura kwalabe. Ni ma ina sayen gero, Yaya, kuma geron da ake sayar muku can daga nan ake kai shi. Ba geron da ke ƙamshin alewar madara. Yau in an kira magariba, ka buɗe kwalba ɗaya ka kurɓa, sannan ka kurɓi kokonka. Ba sai na ƙara ba.

Yarinyar nan ba ta yi maka ƙarya ba, ba ta dai san hanyar da abin ya bi ba.

Kada ka yi wa yayata faɗa. Ka je wurin liman ka tambayi yadda ake fita daga bakancen da ya zama cuta. Sannan ka shiga kicin ɗin nan. Ba ya cizo.

Ƙanwarka da ba ta yi barci ba, Sa'adiya

*

Lanham
Juma'a

Zuwa ga Sa'adiya. Salamu alaikum.

Na kurɓa.

Na daɗe a zaune da kofi a hannu ɗaya, kwalba a ɗaya. Sannan na tashi na shiga kicin. Tana kan kujerarta, ta ga abin da ke hannuna, ta gyara ɗankwali.

Na ce, "Hajiya, me kike sa wa kokon nan?"

Ta ce, "Citta da kanumfari."

"Sai me?"

"Masoro."

"Sai me?"

Ta kalli kwalbar. Can ta ce, "Alhaji, mutum mai shekarunka, a ƙasar sanyi, azumi kullum, a kan ruwan gero zalla? Faɗuwa za ka yi a titi, ba wanda ya san sunanka."

Na ce, "Wa ya ce miki ina azumi?"

Ta ce, "Warin bakinka. Kuma matar Abdul-Samad ta bugo tana tambaya ko girkinta ne ba ka so."

Na ce don ita nake yi. Ta ce ta sani, shi ya sa ba ta hana ni ba. Na ce, "To ke me kike ci?" Ta buɗe baki, na ga "na ci" yana tahowa, na ce, "Sa'adiya ta gaya mini zancen ƙanzo." Ta ce Allah Ya isa tsakaninta da ke, amma tana faɗa tana share ido. Ki shirya, za ta kira ki.

Liman ya ce bakancen da ke cutar da wanda aka yi dominsa ba a riƙe shi, in ciyar da miskinai goma in sauka. Na yi masa gardama kaɗan don kada ya saba, sannan na bi.

Shekaranjiya da hantsi na sa kujera a kicin, na ajiye kofi biyu. Na ci burodi da shayi a gabanta, rana tsaka, kamar wanda bai san Allah ba. Na zuba kwalbar a kofina, na kurɓa, na rage, na tura mata. Na ce ga ragowata. Ta ce in juya baya. Na ce ba zan juya ba. Ta juya nata ta fuskanci bango, na zagaya. Ta ce, "Tsufa ya zo maka da rashin kunya." Ta sha rabi.

Sa'adiya, ashe da hannu biyu take riƙe kofi, kuma in za ta haɗiye sai ta rufe ido. Ban sani ba.

Ba duka ke zama ba, jiya da rana ta mayar. Muka huta muka sake. Yanzu duk sa'ad da lokacinta ya yi sai na ci wani abu tukuna, ko dabino ne. In aka daɗe haka ni za a yi wa aiki.

Alhamis ake aunawa. Hannuna ya ce ba ta ragu ba, amma bai ce ta ƙaru ba, ni kuma na rage yarda da shi. Sassaƙen ki bar shi.

Yayanki, Karimu

*

Lanham
Laraba

Zuwa ga Olive 'yar Chuwang. Basit ke rubutawa, ni ke faɗa. In kin ga wata kalma mai laushi, tasa ce.

Ina gaishe ki da aiki. Kwalaben, cikina suka shiga, yadda kika ce, amma ba ta hanyar da kika ce ba. Mamanki za ta ba ki labari in ta ga dama.

Gobe kada ki karya a gida, ki zo da wuri. A nan gidan yanzu tare ake ci. Na sa Abdul-Samad ya ajiye ƙashin bargo, ki duba ko romonsa ya halatta a dokarku, ki nuna mini yadda ake sa shi tsakanin kwalba da kwalba. Abin da sikeli ya faɗa, ki rubuta shi yadda yake. In ya ce tiyo, ni zan riƙe mata hannu.

Ki zo da sikelinki. Amma ni ba za ki auna ni ba.

Babanki, Alhaji Karimu